Baƙin da Baba Yake Gani

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Idon Baba ya ƙara dushewa. Yanzu kuma baƙi yake gani a ɗakinsa, waɗanda babu su: yara masu riguna masu ƙyalli, zaune a gurbin keken ɗinkinsa da ka sayar. Jiya har kushe rigunan yake, wai telansu bai iya fitar da wuya ba. Na yi dariya a gabansa, na shiga kicin na sha kuka. Likitar ido ta ce ba taɓin hankali ba ne, idan ido ya gaza, ƙwaƙwalwa kan ƙirƙiro nata hotunan.

Don Allah ka ajiye fushin nan ka zo. Jikin nasa babu daɗi.

Ka huta lafiya,
Autarku

Auta,

Na samu saƙonki, ina amsawa.

Keken nan na sayar ne ganin allura na huda masa yatsu, amma ya ce kada in sake taka masa gida. Duk da haka na zo ranar Asabar, maƙwabciya ta ce kin fita karɓo magani. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ganin yadda ya rame, ko sallama ban yi ba. Ya ɗago ya zuba min ido, ya daɗe, sannan ya juya fuska bango.

Na fahimci amsarsa. Kada ki sake kirana.

Allah ya ba shi lafiya,
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Amma kai ma dai akwai gajen haƙuri!

Baƙin Baba ba sa magana. Shi ya sa likita ta ce duk wanda ya tsaya masa shiru, ya kau da kai har baƙon ya ɓace. Kai ma kuwa kana cikin baƙin nan, kusan kullum yana ganinka a ƙofar nan. Da farko yakan kira ka, ba amsa, ya wuni bai ci abinci ba.

Ranar Asabar da na dawo ya ce min, "Yau ma Yayanki ya zo, har ƙiba ya yi. Na daure ban kula shi ba. Na gaskiyar ai ba zai zo ba."

Jiya aka kwantar da shi a asibiti. Na rantse masa kai ne ka zo. Ya ce in daina ruɗinsa, sai ya ji muryarka.

Ina sauraronka,
Auta