Kyautar Musabaƙar da Na Rabar

Laraba da dare, Vaulx-en-Velin, Faransa

Kyautar musabaƙar Alƙur'ani da na ciyo a Paris ta zame mini ƙarfen ƙafa. Da na dawo, gida ya cika da 'yan barka. Na ba Malamina nasa, na aika wa Inna nata a Maraɗi, sauran kuɗin ya tafi a goro. Ko tayar kekena na guragu ban canza ba.

Yau matar ofishin tallafin naƙasassu ta ce sai na bayyana kuɗin duka, a duba haraji, wataƙila a rage tallafina. Na ce, "Madam, ai na rabar." Ta ce ba ruwan doka da rabo.

Ba zan yi ƙarya kan kuɗin Alƙur'ani ba. Ɗazu Malam ya kira, wai ya sa sunana a musabaƙar baɗi. Na ce to.