Saiwar Baba

Dushanbe

Yaya Shodihon,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da iyali, a gaida min Baba.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Shekara uku ke nan ina tatsar saiwar da Baba ya aiko min, wadda duk kwarin Bartang ke rantsuwa tana maganin ciwon daji. Na gwada ta a kan ƙwayoyin cutar, na ɗura wa ɓeraye sittin. Ko gezau, ƙarin sai girma yake yi. Malamina ya ce in ban kawo wani abin kirki kafin bazara ba, za a rufe binciken, digirina kuma ya bi ruwa. Don Allah tambayar min Baba, ko akwai yadda ake sarrafa ta da ya manta bai faɗa min ba.

Ƙanwarka,
Gulnisso

Bartang

Zuwa ga ƙanwata Gulnisso,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Dusar ƙanƙara ce ta toshe hanya, shi ya sa amsa ta makara.

Na karanta wa Baba wasiƙarki yana shan shayin gishiri. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Yaushe aka fara ba 'ya mace sirrin gida? Ta yi aure ta kwashe ta kai wa surukai? Ai ta bayan garke na aika mata, wadda awaki ke ci." Wallahi na ji kunya, amma kin san halinsa.

Sai ki yi haƙuri, domin akwai abin da ya fi wannan. Likita a garin Horog ya ga ƙari a cikin Baba, ya ce aikin sai Dushanbe. Ke kika san manya a can, ki taimaka ki samar masa gado.

Wassalam,
Shodihon

Dushanbe

Yaya,

Na gaishe ka. Ashe abincin awaki na yi shekara uku ina aunawa, ina tsayawa gaban malamai ina cika baki da sunan ubana. Raina ya ɓaci, kuma ba ranar hucewa.

Gado akwai, na yi magana an ajiye. Amma ba a banza ba. Ya aiko min da saiwar gaskiya, da sunanta da inda take tsirowa, sannan mota ta zo ta ɗauke shi. In ya ƙi, ai shi ne mai magani. Mutum nawa ya hana zuwa asibiti, ya ce jiƙonsa ya ishe su? Ya jiƙa ya sha.

Ka huta lafiya,
Gulnisso

Bartang

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Ki ba wani gadon, mun binne Baba ranar Laraba.

Ya ji sharaɗinki, ya juya fuska bango. Na roƙe shi ya nuna min wurin in haƙo masa da kaina, tunda ƙafarsa ta daina hawa dutse. Ya ce na cika tausayi, zan aika miki. Saboda haka wata biyu ina jiƙa masa ta bayan garke, yana shanyewa yana kallona, ya kuma san abin da yake sha.

Bai faɗa wa kowa inda saiwar gaskiyar take ba. Ba ni da abin da zan aiko miki.

Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.
Shodihon