Rular Baba a Kan Teburina

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Kwana huɗu ke nan ina kallon wata rula kamar za ta cije ni.

Ina aikin ƙididdiga a wani ofishin da ke tattara alƙaluman asibitoci. Manhajar da muke aiki da ita kyauta ce, 'yan sa-kai ke kula da ita, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Tana lissafi ba kuskure, amma wajen fitar da jadawali, sai addu'a. In ya fi faɗin takarda sai ta yanke rabin ta jefa ƙasa, ba tare da ta maimaita sunayen asibitocin ba. Lambobi ne zube kamar an ɓarar da gero.

Shekara goma sha ɗaya wani dattijo da muke kira Baba ke gyara wannan. Zai ɗora rularsa ta katako, ya bi layi-layi, ya sake bugawa. Watan jiya ya je ganin likitan ido, na ce ai ba wani abu ba ne, na yi da kaina. Layi ɗaya na tsallake, Anti. Na ba wani asibiti adadin yara marasa lafiya na maƙwabcinsa, kuma da rahoton ake raba magani. Baba ne ya dawo, ya kai takardar har hancinsa, ya ce wannan ƙaramin asibitin bai taɓa ganin yara ɗari takwas ba. Aka tsayar da rahoton tun bai fita ba.

Kunya ta sa na zauna na rubuta gyara, yadda sunayen za su biyo kowane yanki. Sau biyu masu kula da manhajar suna dawo min da shi, na uku suka karɓa. Yanzu jadawali na fita tsaf, na samu barci.

To amma aikin Baba fa? Ban gaya masa ni ce na yi ba. Oga ya fara maganar sake duba ayyukan kowa. Ran Litinin kuma na tarar da rular a teburina, ba takarda, ba magana. Gori ne yake min? Na cire wa tsoho abinci a baki?

Mai Tsallake Layi

*

'Yata, ki fara sauke numfashi. Magani ya je inda ya kamata, kuma gyaranki zai hana wasu da ba ki san su ba yin irin kuskurenki. Kada ki ji kunyar wannan.

Inda kika yi laifi shi ne shirun. Mutumin da ya rufa miki asiri bai kamata ya ji labari a bakin wasu ba. Ki same shi gobe, ki gaishe shi yadda ya dace, ki faɗa masa komai.

Sai ki je wurin oga tun bai yanke hukunci ba. Ki tuna masa cewa ba rula ce ta kama kuskuren nan ba, sanin asibitocin ne. Manhajarki za ta jera ɗari takwas ɗin nan tsaf, ba za ta ce uffan ba. Ki nemi a bar Baba yana duba kowane rahoto kafin ya fita, ko da karanta masa za a riƙa yi. Ki kuma tambayi Baba me kuma ke damunsa da jadawalin, ki aika wa masu manhajar da sunansa.

Batun rula kuwa, ban shiga zuciyarsa ba, amma ke da kanki kika ce min likitan ido yake gani, kuma sai ya kai takarda hanci yake karantawa. Mai fushi ɓoye kayan aikinsa yake yi, ba ya bayarwa. Ina jin Baba ya daɗe da sanin ke ce, kuma ya fi ki samun barci. Ki karɓi rular hannu biyu, ki yi godiya.

Allah ya ƙara wa idonsa lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.