Tabon Kumatun Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina hawa kujera tana sauko da kaya, ga jikoki nan cike da gida.

Ni dai lafiya lau, aikin shagon kayan kwalliya sai godiya. Yanzu ni ke tsayawa a kanta ina gwada wa mata hoda a bayan hannu. Labari nake tafe da shi, amma ki riƙe bakinki tukuna. Akwai wani mai fentin mota da garejinsu ke kallon shagonmu. Da farko wai man leɓe yake zuwa saya wa ƙanwarsa. Yaya, ƙanwar nan ta sha man leɓe har na fara tausayinta! Daga baya ya ajiye ƙaryar ya faɗi abin da ke kawo shi. Mutum ne mai sanyin magana, farcensa kullum da launin motar da ya taɓa. Ina hango shi zai tsallako titi sai in rasa inda zan sa hannuna.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Kin san man nan da nake shafawa a kumatuna na hagu, wanda muke kira konsila. Ni duk a zatona sunan kamfani ne. Jiya wata malamar Turanci ta zo saye, ta ce daga kalmar conceal aka samo shi. Wai suna da wata kalma daban ta rufewa, irin rufe tukunya da murfi, kowa ya san da abu a ciki. Ita wannan kuwa ɓoyewa ce, don kada a ma san akwai abin. Har ta ba ni misali da mai ɓoye gaskiya a gaban alƙali. Na yi dariya na naɗe mata kayanta, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ke kika goya ni zuwa asibiti ranar da ruwan zafi ya zubo mini, kin san girman tabon. Shi kuwa bai taɓa ganin fuskata babu man nan ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramin ɗanki ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarki ta iso, faɗanki ma ya iso, har muryarki nake ji a cikin takardar. Kin ce in nuna masa kawai. Faɗa da sauƙi! Ni da ko shara ba na fitarwa sai na shafa.

To, magana ta girma. Mai Fenti ya ce yana so ya turo manyansa. Maimakon in amsa sai na hau goge gilashin kanta da ba shi da ƙura, na ce ya ba ni lokaci. Ya tafi jiki a mace. Wallahi ina son mutumin nan, Yaya, shi ya sa nake tsoro. In ya gani ya ja baya, ban san yadda zan ci gaba da buɗe shago ina kallon garejinsu ba. In kuma na yi shiru har aka ɗaura, na cuce shi.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Albishirinki!

Shekaranjiya da rana tsaka na shiga bayan shago na wanke fuskata tas da sabulu. Ban tsaya duba madubi ba, don na san in na duba ba zan fita ba. Na tsallaka titi zuwa garejinsu. Na same shi tsugune yana gauraya fenti a gwangwani. Na tsaya a kansa, na juya masa gefen hagu.

Ya ɗago ya dube ni sosai, bai kau da ido ba. Sai ya yi murmushi ya ce alhamdulillahi, yau an huta. Wai tun ranar farko ya sani! Aikinsa ke nan, cike inda mota ta lotsa a bi da fenti, ko daga tsallaken titi yana gane wurin da aka shafe. Ya yi shiru ne don maganar tawa ce, ni ya kamata in fara ta. Ya ce tabon bai taɓa damunsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne launin da nake zaɓa, ya fi fatata haske, kullum ya gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ki ji fa, ni mai sayar da kayan kwalliya! Na fara dariya, ta juye kuka, ya rasa abin ba ni sai tsumman goge hannu, na koma shago da shuɗin hanci.

Ya ce in ina so in shafa in shafa, fuskata ce, shi dai a bar masa zaɓen launi. Yau ko taɓa kwalbar konsilar ban yi ba, kuma na yi ciniki kamar kullum.

Manyansa na nan tafe ƙarshen wata, ki gaya wa Mama ta shirya. Ki kuma zaunar da ita ki gaya mata wannan daga bakina. Na san har yau in ta kalle ni sai ta tuna ita ta ajiye butar ruwan zafin a ƙasa. Ki ce mata ta daina zargin kanta. Wani ya kalli wurin nan da rana tsaka ya yi murmushi.

Ina gaida ku duka, in gan ku da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta