An Zare Wa Ɗana Robar Hanci, Kuma Wai Ni Ce Mara Kunya

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don yadda zuciyata take tafasa, in na yanke hukunci ni kaɗai ban san inda zai tsaya ba.

Ni matar aure ce a cikin garin Wudil, ina ɗinki a gida, maigidana yana harkar shanu a kasuwar Juma'a. Maganar a kan ɗana na fari ce, shekararsa sha biyar. Kun san yadda muke da ɗan fari, balle shi da ya ci sunan mahaifin maigida. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan", ana yaye shi kuma Inna, surukata kenan, ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu Achika. A hannunta ya girma, sai da zai shiga sakandare ya dawo wurinmu. Ban taɓa jin haushin haka ba, ni ma wurin kakata na tashi.

Ciwon ya fara ne da zabura, yana riƙe da kofi sai jikinsa ya fizga kofin ya faɗi. Sai malamansu suka ce ya daina gane karatu, yaron da shi yake koya wa ƙannensa lissafi. Daga nan sai faɗuwa, sai magana ta sarƙe. Aka ce aljanu ne, aka ce sammu ne, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi. Da ƙyar muka kai shi babban asibiti a Kano, suka yi hoton ƙwaƙwalwa suka ɗebi ruwan bayansa, likita ya zaunar da mu ni da babansa ya ce ƙwayar ƙyandar da ya yi yana jariri ce ta ɓuya a ƙwaƙwalwarsa ta taso yanzu, ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ba shi da maganin warkewa sai dai kulawa. Ya ce haɗiya ta fara gagararsa, don haka aka sa masa roba ta hanci da za a riƙa ba shi abinci ta ciki, ya ja mana kunne cewa ko ruwa kada a ba shi ta baki, zai bi ya shiga huhu.

Na rufe keken ɗinki na koma jinya. Ni nake canza masa famfas, ni nake juya shi kada bayansa ya yi gyambo, in dama kunun gyaɗa in tace in zuƙa a sirinji in tura a hankali. Wallahi sai a wannan kwanciyar na san ɗana yana da tabo a bayan kunne, don ban taɓa riƙe kansa haka ba. Kuma ya fara ɗan murmurewa, kumatunsa sun ciko.

Sai Inna ta zo taya jinya. Tun da ta ga robar ta tsane ta, wai a ƙauyensu duk wanda aka dawo da shi da roba a hanci to a tanadi likkafani, robar ce take tsotse shi, jikanta ba injin ban ruwa ba ne da za a riƙa jona masa tiyo. 'Yan dubiya su cika ɗaki suna taya ta, wannan ta ce gaskiya ne Inna, waccan ta ce ai haka aka yi wa wane bai kwana ba. Ni dai sai in sunkuyar da kai, ina ni ina magana a kan ɗan fari a gaban suruka.

Ranar Juma'ar nan na leƙa kemis karɓo maganinsa, ina dawowa na tarar da robar a yashe a bakin rariya. Inna ta zare ta, ta kwantar da shi a cinyarta, ta toshe masa hanci tana masa ɗura da tafin hannu kamar jariri. Yaro ya ƙware, idonsa ya kakkafe, kunu yana fitowa ta hanci, ita kuwa cewa take "haɗiye maigidana, haɗiye". Ban san lokacin da na ƙwala masa kira da ainihin sunansa ba, na ture hannunta na fizge shi na kifa shi ina bubbuga bayansa. Na faɗa mata maganganu, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Tun daga ranar yake tari, jikinsa zafi zau, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa a buta. Wata nas maƙwabciyarmu ta duba shi ta ce a kai shi asibiti yau ba gobe ba. To kun san abin da dangin mijina suka taru a kai? Ba tarin ba, wai na ambaci sunan marigayi mijin Inna gatsal a gabanta, na zubar da kunya, na ture tsohuwa. Inna ta ƙi cin abinci tana kuka, ta ce da ɗura ta raine shi bai mutu ba, in aka mayar da robar nan ba ta yafe ba. Maigida da ya ji bayanin likita da kunnensa ya tsaya yana susar ƙeya, ya ce in durƙusa in ba ta haƙuri, mu jira ta huce tukunna, in kuwa na fita da yaron ba da yardarta ba to in wuce gidanmu daga can. Na kira mahaifiyata ina kuka, ita ma ta ce "ki ba da haƙuri, ɗan fari ai ba naki ba ne." Ba nawa ba ne? To wa ya yi naƙudarsa, wa yake kwashe kashinsa yanzu?

Na san Inna tana son sa, yanzu haka tana zaune tana masa fifita tana hawaye. Amma son ba zai fitar da kunu daga huhunsa ba, kuma haƙurin da ake so in bayar, in na bayar sun ɗauka na yarda kenan a ci gaba da ɗura.

Na haɗa kayansa a jaka, na yi magana da mai adaidaita, jira kawai yake in kira. 'Yan uwa, in ɗauke shi in tafi ko da aurena ne zai mutu, in bar ƙannensa a gidan? Ko akwai wanda ya taɓa shawo kan tsohuwa irin wannan cikin yini ɗaya ya faɗa mini yadda ya yi? Ku amsa mini da wuri don Allah. Shekara sha biyar ina jin kunyar kiran sunan yaron nan, sau ɗaya tak na kira, ba na so na biyun ya zama a kan gawarsa.