Baƙin Abuja da Motarsu

Wara, daren Lahadi

Barci ya ƙi zuwa. Ni da ba a taɓa yi wa wayo a kasuwa ba, ni na roƙi Sarkin Ruwa ya bar baƙin Abujan nan su kwana bakin tafki da motarsu mai gado da masai a ciki. Har rantsuwa na yi cewa mutanen kirki ne. Da safe maigidan ya murɗe wani famfo a ƙarƙashin motar, ya juye ƙazantarsu daidai inda Innata ke ɗibar ruwan sha. Na yi magana, wai, "Haba malam, ruwan ai da yawa!"

Sun ɗauki hotuna sun tafi. Ni kuwa masunta sun raɗa mini suna: Dillalin Masai.