Layar Zana da Goyon Maryam

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanki a Basirka. Na yi ta kiran layinki bai shiga ba, shi ya sa na rubuto a nan, ko da wasu za su karanta.

Tun da kika tare, ni nake riƙe wasanmu na labari duk Asabar a tsakar gidan Inna. Kowa da jarumarta, ni nake ba da labari da yanke hukunci, ƙwayar ludo kuma ta raba sa'a, kamar yadda kika koya mana.

Makon jiya labari ya kai mu kogon dodo. Dodon ya karya ƙafar jarumar ƙanwarmu Maryam, maharbiyar nan da take wasa da ita tun kina gida. Jarumar Zainab, maƙwabciyarmu, tana da layar zana. Kin tuna ƙa'idar da kika sa mata: tana ɓoye mai ita da duk abin da ke jikinta. Sai Zainab ta ce jarumarta za ta goya maharbiyar, ta ɗaure ta da zane, su fice.

Yaya, na san hujjarta ta tsaya. Ko a motar Gwaram ba a lissafa goyo cikin fasinjoji.

Amma duk suka zuba mini ido, ga shi ni da Maryam ciki ɗaya muka fito. Na ji tsoron a ce na yi son kai. Na sunkuyar da kai na ce layar ba ta rufe mutum biyu. Ko ƙwaya ban bari an jefa ba. Dodo ya cinye maharbiyar.

Maryam ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi ta kama wanke-wanke, alhali ba ranarta ba ce. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Kin sha cewa alƙalin wasa ba shi da 'yar'uwa. Ni na ɗauka nufinki in danne tawa. Da maharbiyar ta wata ce, wallahi nan take zan yarda. Wannan ne ya sa na kasa haɗa ido da Maryam.

Asabar ɗin nan zan faɗa a gaban kowa cewa na yi kuskure, mu koma bakin kogon. Kin san ni da kunya, amma zan faɗa. Ɗazu na gaya wa Maryam. Ba ta ce za ta zo ba. Ta dai tambaye ni ko ƙafar maharbiyar za ta warke.

Allah Ya ba ki zaman lafiya a ɗakinki, Ya sassauta zuciyar Maryam a kaina, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Sa'adatu
Birnin Kudu